Asabar a hanyar Panyam

Yau mun je ta'aziyya Panyam ni da Kawu. Tsohon abokinsa ne ya rasu, wanda suka yi aikin kuza tare a Barikin Ladi tun kafin a haife ni. Allah ya jiƙansa. Mun bar Jos bayan asuba cikin sanyi, muka bi ta Bukuru da Mararabar Jama'a, tsofaffin kududdufan kuza dama da hagu, har muka wuce Mangu.

Da aka yi azahar muka yi sallama da mutanen gidan, sai na roƙi direba ya ɗan ratsa da mu ta Kerang, garin da ake ɗibar ruwan Swan. Na daɗe ina son in tsaya a wurin. Duwatsun can ba irin na Shere da ke kusa da Jos ba ne masu manyan duwatsu jibge a kan juna. Tuddai ne zagayayyu, wasu da kwari a samansu, ga baƙaƙen duwatsu masu huji-huji zube a gonakin dankali da masara. Na ce wa Kawu waɗannan duwatsu ne masu aman wuta da suka mutu.

Ya dube ni ya ce, "Kai Malam, wuta a Filato? Mu da muka ƙare ƙuruciyarmu muna haƙar ƙasar nan, ruwa muke tararwa."

Na ce, "Kawu, ai ba ku yi nisa ba." Ramin da ya fi kowanne zurfi da ɗan Adam ya haƙa yana Kola, arewacin Rasha, kuma a kilomita 12 da 'yan kai ya tsaya, zafi ya hana a ci gaba. Daga inda muke tsaye zuwa tsakiyar duniya kuwa kusan kilomita 6,370 ne. Ɓawon da muke noma da gini a kansa bai fi kilomita 30 zuwa 50 ba a tudu, a ƙarƙashin teku ma bai kai haka ba. Ƙasa da shi akwai dutse mai tsananin zafi har zurfin kilomita 2,900. Ba ruwa ba ne, amma zafi ya sa yana motsi a hankali a hankali. Sai narkakken ƙarfe, sai kuma can tsakiya dunƙulallen ƙarfe mai zafin da ya haura digiri 5,000, wanda nauyin abin da ke kansa ya hana shi narkewa.

Tambayar da ya yi daga nan ta fi duk wadda ɗalibaina suka yi mini a zangon nan: tunda ba wanda ya shiga, wa ya gano? Girgizar ƙasa ce ta faɗa. Idan ta auku, motsinta yana ratsa cikin duniya, na'urori a ƙasashe masu nisa su ɗauka. Wani nau'in motsin ba ya iya ratsa abu mai ruwa-ruwa, to inda ya ɓace sai aka gane akwai narkakken abu a hanya. Da irin wannan lissafi wata mata 'yar Denmak, Inge Lehmann, ta nuna a 1936 cewa akwai wani sashe daban a can tsakiya.

Shi kuma ɓawon ba guda ɗaya ba ne. Kamar tsohuwar ƙwarya yake da ta tsattsage aka ɗinke, kowane ɓari yana tafiyarsa, 'yan santimita a shekara. A bakin ɗinkin ne ake manyan girgiza, irin wadda ta hallaka fiye da mutum 50,000 a Turkiyya da Siriya a 2023. Mu muna tsakiyar ɓarin Afirka, shi ya sa muke da sauƙi, alhamdu lillahi, duk da tsofaffin tsagu kan motsa, kamar yadda mutanen Mpape a Abuja suka ji a Satumban 2018. Lokacin da Bajamushe Alfred Wegener ya ce nahiyoyi suna tafiya, a 1912, yawancin masana ba su yarda ba. Sai a shekarun 1960, bayan an auna ƙasan teku, maganarsa ta tabbata.

A hanyar dawowa na ba shi labarin da ya fi taɓa ni. Fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, Barazil manne take da gaɓarmu. Ƙasa ta tsage gida uku a wajen da Neja-Delta take yanzu. Biyu suka buɗe suka zama Tekun Atlantika, ta ukun ta fara ta tsaya, ita ce kwarin Binuwai. Har teku ya taɓa shigowa cikinsa, ya bar dutsen da ake simintin Ashaka da shi. Duwatsun Jos ma narkakken dutse ne da ya taso ya huce a ƙarƙashin ƙasa fiye da shekara miliyan 150 baya, da kuza a jikinsa, ruwan sama ya yi ta wanke ta zuwa rafuka.

Kawu ya yi shiru har muka kusa Heipang, sannan ya ce, "Ikon Allah. Ashe kuzar da muka ciyar da ku da ita daga wuta ta fito."

Abin da ke damuna tun da na dawo shi ne yadda muke koyar da labarin ƙasa. Yaro a Jos zai haddace sunan dutsen Japan da tsagar Kalifoniya, bai san Dutsen Wase ragowar maƙogwaron dutse mai aman wuta ba ne, bai san nan kusa a Toro akwai cibiyar da ke auna motsin ƙasa ba. Dattijon da bai taɓa zama a aji ba ya fahimta cikin wuni ɗaya saboda ya riƙe dutsen a hannunsa.

Ranar Litinin in sha Allah zan kai wa shugaban makaranta maganar mota, mu kai 'yan aji biyar Kerang kafin jarrabawa. Idan kuɗin mai ya gagara, sai mu fara da Shere, iyaye su haɗa na keke napep.