Gaggawar sufa gulu ce ta ja mini yanke wayar hedifon

Shekara uku hedifon ɗin nan yana hannuna, da shi nake sauraron karatu da daddare in yara sun yi barci. Ni na bar shi a kan kujera, ni kuma na dawo na zauna a kansa. Ƙas! Bakan da ke hawa kai ya karye ta ɓangaren dama, kamar yatsa biyu sama da inda ake ja a daidaita tsawo.

Ko minti goma ban yi ba na aiki yaro shago ya sayo sufa gulu. Na ɗiga, na matse, ya kama, har ina yi wa maiɗakina burga. Kwana biyu ya yi. Ran na uku ina buɗe shi zan saka, ya sake ɓallewa a daidai wurin. Sufa gulu in ya bushe kamar gilashi yake, ba ya lanƙwasa, shi kuwa bakan hedifon duk sakawa sai an buɗa shi. Ga farin dabbare-dabbare da ya bari a jikin baƙar robar, har yau yana nan.

Ɓarnar gaske ta zo ne wajen kankare busasshen gam ɗin. Na ɗauki reza ina karta da haushi, na manta cewa akwai siririyar waya da ke bi ta cikin bakan tana kai sauti daga kunnen hagu zuwa na dama. Ban ma ji lokacin da na yanke ta ba. Sai da na jona a wayar hannu na ji kunne ɗaya shiru.

Mai gyaran waya na bakin titinmu ya juya abin a hannu ya ce, "Malam, ai da tun farko ka kawo shi." Silin wayar ya fi zaren ɗinki siranta, kuma kowane sili da shafin fenti a jikinsa, dalma ba ta kama shi sai an ƙona fentin. Ya fi rabin awa yana fama, ni ina tsaye a kansa ina tuna rezar nan.

Ɗorin kansa bai ba ni wuya ba. Na samo tsohon waifan mota wurin bakanike, na zare siririn ƙarfen da ke cikin robarsa, na yanki guda biyu masu tsawon kamar santimita 8. Na goge wurin da sanfefa, na kwaɓa gam ɗin Araldite, irin mai tiyub biyu, na ɗora ƙarafan a bayan karayar, na naɗe su tam da zare, na sake shafe zaren da gam. Na rufe ramin da ake ja da salatif don kada gam ya kwarara ciki. Wannan karon awa 24 cur na ba shi, duk da hannuna na ƙaiƙayi.

Wata biyar ke nan bai motsa ba. Akwai ɗan ƙullutu a ƙarƙashin baƙin tef ɗin da na rufe ɗorin da shi, kuma ɓangaren dama ya ɗan fi matse kunne. In na juya kai da sauri, wani lokacin sautin dama yakan yi ƙiris ya dawo, daidai inda rezar ta bi.