Wata Shida a Bakin Kogin Dee

A ƙarshen watan Nuwamba na shiga jirgin ƙasa daga Edinbara, jaka a hannu, jita a baya. Tafiyar kamar awa biyu da rabi ce zuwa Abadin, a arewa maso gabashin Sikotlan. Ba mu jima da tashi ba muka hau jar gadar ƙarfen nan da ke kan mashigin Forth, wadda jirage ke bi tun 1890, can gaba muka tsallake kogin Tay. Daga nan layin dogo ya kama gaɓar teku, ruwa toka-toka a dama, gonaki a hagu, tumaki na kiwo cikin iska ko a jikinsu. Ƙarfe uku da rabi na rana muka sauka, amma an riga an kunna fitilun titi. Gine-ginen birnin na dutse ne mai launin toka, sama ma toka, ni kuwa sanyi ya shige ni har ƙashi.

Aikin sa kai ya kawo ni, a ɗaya daga cikin ƙauyukan Camphill da ke yamma da birnin, kusa da kogin Dee, inda masu naƙasa da masu taimaka musu ke zaune tare. Kafin a karɓe ni sai da aka yi biza, aka kuma binciki tarihina, domin dokar ƙasar ta tanadi haka ga duk wanda zai yi aiki da mutane masu rauni. Gidan da aka sauke ni muna cikinsa mu tara, biyar daga ciki manya ne masu lalurar jinkirin bunƙasar ƙwaƙwalwa, wasu da galahanga, wasu da lalurar Down. Tebur ɗaya muke ci, tare muke wanke-wanke. Da safe kowa ya nufi wurin aikinsa, wannan gona, wancan ɗakin saƙa, wata gidan burodi.

Wani dattijon ma'aikaci da ya tsufa a wurin shi ya ba ni asalin abin, wani dare muna shanya kwanuka. Karl König likitan yara ne daga Biyana, ya tsere daga Ostiriya a 1938 bayan 'yan Nazi sun mamaye ta. A 1940 shi da wasu 'yan gudun hijira irinsa suka buɗe gida a nan bakin Dee, suka zauna tare da yaran da makarantu suka ƙi karɓa. A daidai waɗannan shekaru, gwamnatin da suka guje wa tana kashe naƙasassu a asibitocin Jamus, sama da mutum 70,000 kafin ƙarshen 1941. Da yaran suka girma sai aka fara kafa ƙauyukan manya, na farko a Botton da ke Ingila a 1955. Yau irin waɗannan wurare sun haura ɗari a duniya. Na kwanta a daren ina ta juya zancen, don mutanen da na gama cin abinci da su ke nan.

Ni ba mai jinya da kiɗa ba ne, kuma tun ranar farko aka fayyace mini haka. A Birtaniya doka ce ke kare wannan suna: sai mutum ya yi digiri na biyu, ya yi rajista da hukumar kula da ma'aikatan lafiya, sannan ya amsa shi. Wata mai wannan sana'a tana zuwa ƙauyen Talata da Alhamis. Nawa aikin shi ne in jera ganguna da ƙararrawa, in raka mutane daga gidajensu zuwa ɗakin kiɗa, in zauna kusa. Ta yi karatunta a kan hanyar Paul Nordoff, mawaƙin fiyano ɗan Amurka, da Clive Robbins, malamin yara masu buƙata ta musamman, waɗanda suka fara aiki tare a Ingila a 1959. Hanyar ba ta koyar da waƙa ba ce. Duk sautin da mutum ya fitar, ko nishi ne, ko buga ƙafa, ita sai ta ɗauke shi a matsayin magana, ta ba shi amsa da fiyano nan take.

Akwai wani bawan Allah a cikin masu zuwa ranar Talata, shekarunsa sun haura hamsin, yana da galahanga, ba ya magana sam. In ya shigo ba ya zama. Taga yake nufa, ya juya mana baya, yana rangaji gaba da baya, yana ƙwanƙwasa katakon tagar da yatsu biyu. Tak, tak, sai shiru. Ita kuma ta sa yatsa ɗaya a can ƙasan fiyano, duk lokacin da ya ƙwanƙwasa ta danna sauti guda mai kauri, daidai da saurinsa. In ya tsaya ta tsaya. Haka za a yi rabin awa, a rera waƙar sallama, in mayar da shi gida.

Mako uku ina kallon wannan, raina yana ce mini ai mutumin nan ganga yake so, an dai bar shi da katako. Ranar Talata ta huɗu na tashi, na ɗauki gula, na kama hannunsa na danƙa masa. Wurgi ya yi da ita, ya toshe kunnuwansa da tafin hannu, ya saki wata ƙara da har yau nake jinta, ya fice. Mako biyu bai ƙetare bakin ƙofar ɗakin ba. Zai zo, ya tsaya a waje, ya koma. Abin da aka gina da shi cikin watanni na rusa a minti ɗaya.

Matar ba ta yi mini faɗa ba. Muna kwashe kaya ta ce, "Ba gangar ya ƙi ba, hannunka ya ƙi. Ka ajiye gular inda zai gan ta, ka koma ka zauna. In ka ji kamar ka yi wani abu, ka ƙirga ashirin a zuci tukuna."

Wallahi ƙirga ashirin cikin shiru, mutum na tsaye gabanka, aiki ne mai wuya. Muna saurin taimakon naƙasasshe ne sau da yawa don shirun yana damun mu, ba don shi ya nema ba. Mutumin nan ya yi shekara hamsin ana kama masa hannu, ana sa masa riga, ana zaɓa masa inda zai zauna. Rabin awar nan ta Talata tana cikin 'yan lokutan da shi ke gaba, wani na biye.

Ranar Alhamis zaman rukuni ake yi, mutum bakwai a da'ira. A cikinsu akwai wata mai lalurar Down da ta kusa sittin, mantuwa ta fara cin ta. Hakan yana yawan samun masu wannan lalura da wuri, saboda ƙarin kuromosom na 21 da suke ɗauke da shi yana da alaƙa da cutar mantuwa. Sunayen abokan zamanta sun fara ɓace mata, wani lokaci ko hanyar ɗakinta. Amma da zarar na kaɗa jita aka ɗauko wata tsohuwar waƙa ta ƙuruciyarta, sai ta miƙe wuya ta rera ta baiti-baiti, har tana gyara mini in na yi sauri.

Sai a watan Fabrairu mutumin taga ya taɓa ganga. Ranar ƙanƙara ta rufe gonaki, ɗakin ya yi haske fari fat. Gangar na nan kusa da taga inda nake ajiye ta duk mako, tawa kuma tana kan cinyata. Bai ɗauki gular ba, yatsunsa biyun nan ya sauke a kan fatar. Dum. Matar ta dube ni ta ɗaga gira, ba ta taɓa fiyano ba. Na buga tawa sau ɗaya. Ya buga biyu, na buga biyu. Muka yi ta yi, shi ya ba ni, ni in mayar masa. Can sai ya ɗaga hannu kamar zai buga, ya fasa. Na riga na saki nawa bugun ni kaɗai. Ya waiwayo ya dube ni ido cikin ido, karo na farko tun zuwana, kafaɗunsa na rawa don dariya. Da gangan ya yi, ya kuma sake yi har sau uku.

Kiɗa bai sa ya yi magana ba, kuma ba wanda ya yi alkawarin haka. Abin da matar ke rubutawa a takardunta ƙanana ne: minti nawa ya zauna, ya jira juyinsa ko bai jira ba, shi ya fara ko amsawa ya yi. Mutanen gidansu dai sun ce ranar Talata ba sai an tuna masa ba, da kansa yake ɗauko rigar sanyinsa ya tsaya a ƙofa.

Tafiyata ta kama a watan Mayu, lokacin da rana ke kaiwa bayan ƙarfe tara na dare ba ta faɗi ba. Tun saura mako huɗu aka fara shirya su, domin 'yan sa kai da yawa sun zo sun wuce a rayuwarsu, kuma ɓacewar mutum ba sallama tana yi musu ciwo. Muka zana da'ira huɗu a takarda, duk Talata a soke ɗaya. A ta ƙarshe matashiyar da za ta gaje ni ta zauna gefena, na miƙa mata gangata tun kafin waƙar sallama. Ya daɗe yana kallon hannunta. Na ga leɓɓanta na motsi, tana ƙirgawa. Ta kai wajen sha bakwai ya sauke yatsu biyu a kan fatar, ita kuma ta amsa masa da bugu ɗaya.