Kafin ku hau duwatsun ƙanƙara, ku saurari wanda ya riga ku zuwa

Ƙannena da ke karatu a Faransa da Italiya da Turkiyya, na san da zarar Disamba ta kama hirar zuwa wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara za ta tashi a tsakaninku. Ba zan hana kowa ba. Duk wanda ya tsaya a garin Shamoni na Faransa ya ɗaga kai ya ga dutsen Mon Bulan, mai tsayin sama da mita 4,800, sai ya yi tasbihi ko bai yi niyya ba. Abin da ke damuna shi ne yadda muke ajiye hankalinmu a gida idan za mu je irin waɗannan wurare. Yaron da ba zai taɓa barin wayarsa a kan benci a tashar mota ba, sai ka same shi ya bar jakarsa a kan teburin gidan abinci ya tafi ɗaukar hoto, don kawai wurin tsaf yake kuma kowa ya yi kama da mai kuɗi. Ni ma haka na yi lokacin da nake karatu a Girnobul ta Faransa, kuma na ji a jikina.

Asarata ta farko tun ban bar ɗakina ba na yi ta. Mun haɗa kuɗi da abokai za mu kama masauki a wani ƙauye na yankin duwatsun Faransa da ake kira Sabuwa (Savoie), ni aka ɗora wa nema. Na ga talla a intanet, ɗaki mai kyau dab da wurin wasa, kuɗinsa bai kai rabin na sauran ba. Mai tallar ya ce mutane sun yi masa caa, in tura kafin alƙalami ta banki kafin dare ko ya ba wani. Na tura. Da muka isa, gidan yana nan, amma mutanen da ke ciki ba su taɓa jin sunan mutumin ba. Hotunan gidansu aka kwafa. Araha ba ta ado, kuma gaggawar da ya sa ni ita ce alamar da ta kamata in gani. Idan mai gida ya ce ku bar shafin da kuka same shi ku biya shi kai tsaye, ku rabu da shi. Kowane ƙauyen wasa yana da ofishin kula da baƙi, kuma kiran waya ɗaya ya isa su gaya muku ko sun san masaukin. Kuɗin da na tura har da na mutane, shi ya fi yi mini ciwo, don sai da na ɗauki watanni ina biyan su.

Satar da ta fi yawa a kan dutsen kuwa ta katakon zamiya ce, wato dogayen katako biyu da ake ɗaurawa a ƙafa. Da azahar kowa yakan cire nasa ya jingina a ƙofar gidan abinci, ɗaruruwa a jere, babu mai gadi. Ɓarawo ba ya buƙatar komai sai ya sa kayan wasa kamar kowa, ya ɗauka ya zame ya tafi. Na hayar ma ba su tsira ba. Ranar da na karɓi nawa a shagon haya, mai shagon ya tambaye ni ko zan ƙara 'yan yuro kaɗan na inshorar sata da karyewa, na ce a'a, ina ganin wayo na yi. Na fito daga cin abinci ban tarar da komai ba, aka cire kuɗin katakon daga katina. Daga baya wani dattijo ɗan ƙauyen ya nuna mini dabarar da suke yi: kai da abokinka ku musanya ƙafa ɗaya ɗaya, ku jingina su nesa da juna, don babu ɓarawon da zai ɗauki katako biyu da ba su dace ba. Akwai kuma ƙaramin kwaɗo mai waya da ake sayarwa. Ku ɗauki hoton lambar da ke jikin katakon tun a shago, kuma ku karanta takardar inshorar, domin da yawa ba sa biya sai kun kawo takardar ƙorafi daga ofishin jandarma. Kada tsoron 'yan sanda ya hana ku zuwa. Wanda takardunsa suke daidai, haƙƙinsa ne a rubuta masa.

Maganar takardu ta tuna mini wani abu. Akwai wuraren da za ka tsallaka iyakar ƙasa a kan katako ba ka sani ba, kamar tsakanin Zarmat ta Suwizalan da Carbiniya ta Italiya. Kekunan da ke rataye a jikin waya suna hawa da mutane kan dutse sukan tsaya tun kafin magariba. Wanda ya makara sai ya kwana a wata ƙasa, ko ya biya tasi na tafiyar awoyi. Mu da fatarmu ke sa a tambaye mu takarda fiye da wasu, bai kamata a same mu a nan hannu rabbana ba. Katin izinin zama ya kasance a aljihun ciki mai zif, hotonsa da na fasfo kuma a ajiye a imel.

Yanzu ga abin da na fi so ku riƙe, wanda ni Allah ne kawai ya kiyaye ban faɗa ciki ba. Ɗalibai da yawa suna zaton katin lafiyarsu ko inshorar biza ta isa. Bizar Shengen, wadda ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, tana neman inshorar da ta kai yuro 30,000, gaskiya ne, amma da yawa daga cikin irin waɗannan takardu sun cire wasannin hunturu ƙarara, a cikin ƙananan rubutun da ba ma karantawa. A Faransa, tun dokar duwatsu ta 1985, ƙaramar hukuma tana da ikon cajin wanda aka ceto a filin wasa, kuma asusun lafiya na gwamnati ba ya biyan wannan. Saukar da wanda ya ji rauni a kan gadon da ake ja a kan ƙanƙara kawai ɗaruruwan yuro ne, idan kuma jirgi mai saukar ungulu ya tashi dominka, lissafin ya shiga dubbai. A yankin Sabuwa ana sayar da wata inshora mai suna Carré Neige tare da tikitin hawa, 'yan yuro kaɗan a rana. Ni na yi wasa ba tare da ita ba, ban ma san da ita ba. Italiya ta ƙara gaba: daga 1 ga Janairun 2022 dole duk mai wasa ya mallaki inshorar da za ta biya idan ya ji wa wani rauni, kuma an haramta wasa cikin maye. Ku lura da wannan da kyau, domin a ƙa'idar wasan, wanda ya taho daga sama shi ke da alhakin kauce wa na ƙasa. Sabon shiga da bai iya tsayawa ba shi ya fi kowa yiwuwar banke mutum. In hakan ta faru, ku tsaya, ku taimaka, ku ba da sunanku. Guduwa ita ke mayar da tsautsayi ya zama laifi.

Ku sa hular kwano, kuma kada ku raina faɗuwa. A watan Maris na 2009 'yar wasan fim ta Ingila Natasha Richardson ta faɗi a filin 'yan koyo a Mon Tiramblan ta Kanada, ta tashi tana magana lafiya lau, ta ce ba ta buƙatar likita. Bayan kwana biyu ta rasu, jini ne ya taru a cikin kanta. Wanda kansa ya bugu, a kai shi a duba ko da yana dariya. Igiyoyi da allunan da ke gefen hanya kuma ba ado ba ne. Ana auna haɗarin zaftarewar dusar ƙanƙara daga 1 zuwa 5, ana liƙa shi kullum a wurin hawa, kuma bayan igiyar nan babu wanda ya gyara muku hanya.

Kuskurena mafi muni da dare na yi shi. Da yamma 'yan wasa sukan cika mashaya, abokan tafiyata suka shiga, ni kuwa zaman bai yi mini ba, sai na fice ban gaya wa kowa ba. Na ce bari in yanke ta wata 'yar hanya zuwa masauki. Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu: da dare duk hanyoyin fari ɗaya suke. Na ciro waya in duba taswira, ta mutu a hannuna alhali da saura caji, don sanyi yana kashe batir farat ɗaya. Takalmina ya jiƙe, yatsuna suka daina ji. Fitilar motar share ƙanƙara na hango na bi har na fito titi. A irin wannan sanyi, wanda ya zauna ya huta barci ke ɗaukarsa, kuma ba kowa ke farkawa ba. Mai shan giya ya fi shiga haɗari, saboda tana sa shi jin ɗumi alhali zafin jikinsa fita yake yi. Ƙin zama a mashaya daidai ne, har gobe ba zan zauna ba. Laifina shi ne tafiya ni kaɗai ba sallama. Ku bi babban titi mai fitilu ko ku jira motar ƙauye, waya ta zauna a aljihun da ke manne da jiki, ku kuma haddace 112, lambar gaggawa da ke aiki a duk Tarayyar Turai da Turkiyya da Jojiya. Ku kuma ƙannena mata, ko lemo kuke sha kada ku bar kofi a tebur ku dawo ku ci gaba da sha, kada kuma ku karɓa daga hannun wanda ba ku sani ba. Ku fita tare, ku dawo tare, ko da an yi saɓani a hanya.

Masaukin kansa ma a duba shi. A Disambar 2024 mutum 12 suka rasu a ɗakin kwanansu a saman wani gidan abinci a Gudauri ta Jojiya, 11 daga cikinsu 'yan Indiya ne da ke aiki a gidan abincin. Wuta aka ɗauke, aka kunna janareta a cikin gini, hayaƙin da ba shi da wari ya kashe su suna barci. Mu da muka san janareta, mun sha jin irin wannan labari a unguwanninmu, don haka kada sanyi ya sa ku yarda a kunna shi ko a shigo da gawayi ɗakin da aka rufe. Wata guda bayan nan, ranar 21 ga Janairun 2025, gobara ta tashi cikin dare a wani otel mai hawa 12 a Kartalkaya ta lardin Bolu a Turkiyya, lokacin hutun makaranta, mutum 78 suka mutu, da yawansu yara ne. Waɗanda suka tsira sun ce ba su ji ƙararrawa ba, wasu da zanen gado suka yi ƙoƙarin sauka ta taga. Tun daga lokacin, duk otel ɗin da na sauka, kafin in buɗe jaka sai na fita na nemo matakalar gaggawa, na tura ƙofarta na tabbatar tana buɗewa, na ƙirga ƙofofin da ke tsakaninta da ɗakina, saboda a cikin hayaƙi da hannu ake lalube. Idan kun tarar da ita a kulle ko an tara kaya a gabanta, ku sauka ku gaya wa masu otel, in ba su gyara ba ku nemi wani wurin kwana.