Mashigin Jibralta da jiragen ƙarƙashin teku na Jamus

Yau hira ta biyo ta kan mashigin Jibralta, sai zancen U-761, wani jirgin ƙarƙashin teku na Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, ya tsaya mini a rai. A wuri mafi ƙunci faɗin ruwan kilomita 14 ne kacal tsakanin Sifaniya da Maroko, ga Ingila ta kafa sansani a bakinsa. Ruwan da ke saman teku yana kwarara daga Atlantika zuwa Bahar Rum, na ƙasa mai nauyin gishiri kuma yana fita. Don haka matuƙan Jamus kan nutse su bi wannan ruwa mai shiga a hankali, shiru, suna tattalin batir, tunda gudu sosai a ƙarƙashi kan cinye shi cikin kamar awa ɗaya. In batir ya mutu dole a taso, a sama kuwa rada, na'urar hango jirage daga nesa, na jira.

Ranar 24 ga Fabrairu 1944 shirun U-761 bai amfane shi ba. Jiragen saman Amurka ƙirar Catalina suna shawagi ƙasa-ƙasa da na'urar da ke gano ƙarfe ta maganaɗisu, wadda ba ruwanta da ƙarar inji. Suka sa alamar hayaƙi a kan ruwa, suka saki bama-bamai, jiragen ruwan yaƙin Ingila suka ƙarasa aikin. Mutum 9 suka mutu, aka tsamo 48. Jiragen ƙarƙashin teku na Jamus 62 ne suka samu shiga Bahar Rum a yaƙin daga 1941 zuwa 1944, babu ko ɗaya da ya koma Atlantika. Ina ganin waɗanda aka tsamo ran nan sun fi waɗanda suka tsallake mashigin sa'a.