Aji uku muka yi wa rufi, sau biyu muka biya

Idan yanzu wani ya ce mani shi da abokansa za su gyara makarantar ƙauyensu, ba na tambayarsa nawa suka tara. Abin da nake tambaya shi ne, a cikinsu wa zai hau tsani ya leƙa ɗaurin katako kafin a buga kwano. Idan babu mai hawa, gara su riƙe kuɗinsu tukuna.

Mu 'yan gari ɗaya ne a jihar Jigawa da neman abinci ya warwatsa mu, wasu Kano, wasu Kaduna, wasu Abuja, har da mai shago a Legas. Firamare ɗaya muka yi dukkanmu. Ginin aji uku da ke gefen gabas ya daɗe ba rufi, bango kawai da tagogi ba marfi, yara suna karatu a gindin darbejiya, damina ta zo a cusa su a aji biyun da suka rage. Kowa ya san a takarda akwai mai alhakin wannan. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, jiha ta kawo nata kason ta karɓa, SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ta yi gini. Sai dai kafin layi ya zo kan ƙauyen da mota ba ta shiga da damina, yaron da ke aji ɗaya ya gama aji shida. Muka ce bari mu yi namu.

Tara kuɗin bai ba mu wahala ba, duk da mun fara ne bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lokacin da kowa ke kuka da aljihu. Takardar izini daga ofishin sakataren ilimi ma ba a ja mana rai ba. Inda muka fara jin jiki shi ne farkon 2024, da buhun siminti ya haura naira dubu goma a wurare da dama. Lissafin da muka yi na yaɓe da daɓe ya rushe, aka shiga neman inda za a rage. A nan ne wani daga cikinmu ya kawo ɗan kwangila, ɗan'uwan matarsa, wanda ya ce zai yi rufin gaba ɗaya a farashin da ya yi ƙasa da na kowa. Aka ce ai na gida ne. Aka tura masa kuɗin rufi cif, tun bai sauke katako ko ɗaya ba.

Wannan kalma ta "na gida ne" ita ta cinye mu. Da bare ne, da an rubuta yarjejeniya, an biya shi kashi-kashi, an sa masa ido. Amma na gida, wa zai ce a ƙirga masa ƙusa? Kunya ta hana.

Hotuna kuwa sun zo. Kwano sabo yana walƙiya, bango ya sha fenti, an rubuta sunan ƙungiyarmu a jikin ginin da manyan baƙaƙe. Na je da kaina ana dab da gamawa, na zagaya, na shiga kowane aji na ɗaga kai na ga silin fari tas. Mai gadin makarantar, dattijo ne da ya yi birkila a ƙuruciyarsa, ya biyo ni har bakin mota ya ce, "Alhaji, yaran nan fa ban ga sun ɗaure katakon ba. Ɗora shi kawai suka yi a kan bulo." Na ce, "Baba, ai silin ne ya rufe, ba za a gani ba." Ya ce, "Kafin su rufe nake faɗa maka, ina nan aka yi." Na kira ɗan kwangilar a waya, ya yi dariya ya ce tsofaffi ba su san aikin zamani ba, nauyin rufin kaɗai ya isa ya riƙe shi. Na bar maganar a nan.

Hadarin farkon damina na farko da ya taso da iska mai ƙarfi shi ya gama da mu. Da daddare ne, Allah ya rufa asiri ba kowa a ciki. Hedimasta ya kira ni da asuba, muryarsa ƙasa-ƙasa, ya ce, "Ranka ya daɗe, rufin nan ya tafi." Ba wai kwano ɗaya ko biyu ya ɓalle ba. Rufin aji biyu ne ya tashi ɗungurungum, da katakonsa da silin ɗinsa, ya faɗa gonar maƙwabci ya kwantar da shinge. Na ukun ya karkace ya tsaga bango. Da na isa na ga saman bangon, sumul yake, ba alamar rodi, ba alamar langa-langa, ba abin da ya taɓa haɗa katakon da ginin. Kwanon da na ɗaga da hannu ɗaya ya lanƙwashe. Katakon ɗanye ne, ba a shafa masa komai ba, ƙusoshin kuma gajeru.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, babu wani sirri a cikin wannan ilimin. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san hadari daga gabas yake tasowa, shi ya sa masu ginin ƙasa suke ƙara wa bangon gabas yaɓe. Iska ba danna rufi take yi ba, ɗaga shi take yi. Tana shiga ta taga ko ta ƙarƙashin bakin kwano, ta cika ɗakin, ta tura sama. Nauyin rufin kwano kaɗai bai isa ya hana ta ba. Abin da ke riƙe shi shi ne rodin da aka binne a cikin linta aka lanƙwasa a kan katako, ko langa-langar da aka zagayo da ita aka buga. Ginin namu ga shi a gefen gabas, ba katanga, ba bishiya a gabansa, tagogin ma ba a gama sa musu marfi ba saboda an ce a bari sai kuɗi sun shigo. Kuɗin rodin da zai ɗaure rufin nan bai kai na fentin da aka rubuta sunanmu da shi ba.

Ɗan kwangilar ya ce ƙaddara ce. Wanda ya kawo shi ya daina magana a cikinmu. Aka so kai ƙara, dattawa suka ce zumunci, aka bari. Sisi bai dawo ba.

Zagaye na biyu ba mu muka jagoranta ba, kuma shi ya sa ya yi kyau. Mun je wurin dagaci, aka kira SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makarantar, wanda a karon farko ko sallama ba mu yi masa ba sai ranar buɗewa. A cikinsa akwai hedimasta, akwai iyaye maza da mata, akwai liman. Su suka kawo kafinta daga garin da ke kusa, mutumin da idan rufinsa ya tashi ba shi da inda zai ɓuya ranar kasuwa. Mu muka sayi kaya da kanmu, bandir-bandir na kwano mai kauri da busasshen katako, aka ajiye a zauren mai unguwa, ana fitarwa ana rubutawa. Matasa suka yi gayyar ɗebo yashi da ruwa. Aka fasa saman bangon aka zuba sabuwar linta da rodi a tsaye, aka shafe katakon da baƙin mai saboda gara. Kafinta bai karɓi kason ƙarshe ba sai da Baba mai gadi ya hau ya taɓa kowane ɗauri da hannunsa, kuma ba a buga silin ba sai bayan nan. Fenti ba mu sake ba. Sunan ƙungiyar ma rabinsa ya tafi da tsagewar bango, muka bar shi haka.

Mun kuma dasa layin darbejiya ta gabas, kowane aji da nasa bishiyoyin da zai riƙa ba ruwa. Awaki sun ci wasu, an sake dasawa an kewaye da ƙaya.

Masu son yin irin wannan aiki suna yawan tambayata ko benci za su fara saya ko littattafai. Ni dai na ce su fara zuwa su zauna da malaman makarantar da mai gadi, su yi shiru su saurara. Kada su biya kowa kuɗin aiki gaba ɗaya, ko da uwa ɗaya uba ɗaya suke. Kada su yarda da hoto, don hoto ba ya nuna abin da ke bayan silin. Marfin taga kuma ba ado ba ne da za a ce sai daga baya, yana cikin abin da ke tsare rufi.

Rufin yana nan, ya ga iska ya tsaya. Amma kuɗin da muka sake rufin da su, su ne muka ware tun farko don gina masai da gyara famfon tuƙa-tuƙa da ya lalace. Har yanzu idan aka tashi tara, 'yan matan aji biyar da shida gida suke tafiya su kama ruwa, kuma malamarsu ta ce mani da yawansu ba sa dawowa sai washegari. Mun sake buɗe asusu don wannan, sai dai hannun mutane ya yi sanyi, wanda ya ba da dubu hamsin a baya yanzu sai an bi shi kafin ya turo biyar.