Kai 'yan sa-kai aiki a ƙasar Blackfeet: abin da jagora zai tanada

Kuskuren da ya fi ɓata irin wannan tafiya tun daga gida ake tafka shi: ƙungiya ta zauna ta yanke aikin da za ta yi wa mutanen Blackfeet, wata ƙabila ta 'yan asalin Amurka, sannan ta buga waya ta sanar da su. Ƙasar tasu, da ke arewa maso yammacin jihar Montana a Amurka, tana da gwamnatinta, da majalisa mai kujeru 9 a garin Browning, ga kwaleji da makarantu. Su suka san gidan tsohuwar da matattakalarta ta ruɓe. Wata shida kafin tafiya a samu ɗan gari guda wanda zai tsaya a kan aikin, shi zai zaɓa, shi kuma zai ce an gama.

Sai iska. Browning na gindin duwatsun Rocky, kuma iskar da ke gangarowa kan fizge fallen katako daga hannun ƙato. Fenti da safe ake yin sa, kafin ƙura ta taso ta manne a bango, kuma yawancin fentin ruwa ba ya kamawa in awon zafi ya yi ƙasa da digiri 10 a ma'aunin Celsius. A garin nan ne a watan Janairun 1916 awon ya faɗo daga digiri 7 zuwa 49 ƙasa da sifiri cikin awa 24. Ko da bazara ake, a ajiye aikin cikin ɗaki na ko-ta-kwana.

Aikin da ake yawan nema shi ne gangaren keken guragu, kuma nan ake yawan kwafsawa. Kowane inci 1 na tudun ƙofa yana buƙatar inci 12 na tsawon gangare, wato ƙofar da ta tashi inci 24 daga ƙasa sai an yi mata gangare mai ƙafa 24. Masu tsimin katako kan gajarta shi, sai ya yi tsaye, mai keken ya kasa hawa shi kaɗai. A auna kafin a sayi kaya, a ƙara kusoshi da katako kan lissafi, domin garuruwan da za a je ƙaro kaya suna da nisa daga Browning: Cut Bank ta kai kilomita 55, Great Falls kuwa wajen 200. Mutum 10 zuwa 12 sun isa; in sun wuce haka rabi kallo suke yi.

Wajibi ne jagora ya zaunar da mutanensa ya ba su tarihi. A Janairun 1870 sojojin Amurka sun kashe 'yan Piikani, wani reshe na Blackfeet, kusan 200 a bakin kogin Marias, yawanci mata da yara da tsofaffi. Daga baya an kwashi yara zuwa makarantun kwana inda aka hana su yarensu, wai da sunan taimako. Wanda ya san wannan ba zai yi mamaki ba in an ɗan ja jiki da shi. A gaishe su da "oki". In za a roƙi dattijo ya yi magana ko addu'a, a miƙa masa taba, haka al'adarsu take, kuma in ya yi shiru a tsakiyar zance kada a cike masa. Ba a ɗaukar hoton yara ko na ibada sai an nemi izini, yawo a dajinsu ma sai da takardar izini ta hukumar ƙabilar.

Ranar ƙarshe kada a fara sabon aiki. A ƙarasa hannun riƙo, a kwashe kusoshin da suka zube a tsakar gida, ragowar fenti da katako a damƙa wa ɗan garin nan tare da takardar abin da ya saura.