Ruwan Murjanin Da Ya Yi Mini Kwantai

Ƙannena da ke shigowa harkar yadi, labule da kayan ɗaki, ku matso in ba ku labarin wata wauta da na tafka, wadda har yau ragowarta tana saman kanta a shagona a Kantin Kwari.

Watan Disamba ne na 2018. Lokacin maigidana bai daɗe da buɗe mini shago ba, ga ɗan jari a hannu, ga babbar waya, ga kuma jin cewa na fi dattawan layinmu wayewa. Sai na ci karo da labarin cewa kamfanin Pantone na Amurka ya fitar da launin shekarar 2019, sun raɗa masa suna Living Coral, wato launin murjani mai rai. Kala ce tsakanin ja da ruwan goro, da ɗan sirkin ruwan hoda. Ko'ina na duba a intanet ita ce: kujeru, jakunkuna, bangon ɗaki. Na ce shi ke nan, na riga kowa. Na tattara kusan rabin jarina na yi odar yadin labule da na zanen gado a wannan kalar kaɗai.

Da na je na gaya wa maigidana, sai ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Yaro, wa ya tambaye ka wannan kalar?" Na ce, "Alhaji, ai ita duniya za ta yi yayi." Ya ce, "To, duniyar ce za ta zo shagonka ko matan Kano?" Na yi dariya, a raina ina cewa tsufa ne.

Kaya suka iso gab da azumi, wanda a shekarar ya kama farkon watan Mayu. Na rataye bandir guda a ƙofar shago, na zauna jiran ciniki. Wata Hajiya da ta zo haɗa kayan ɗakin 'yarta ta kama bakin yadin ta murza, ta ja shi zuwa hasken rana, ta ce, "Ɗan nan, wannan ja ne ya koɗe, ko ruwan goro ne bai nuna ba?" Na gyara tsayuwa na faɗa mata sunansa na Turanci. Ta dube ni, ta saki yadin, ta ce in ɗauko mata ruwan hanta da ruwan gwal. Haka aka yi Ƙaramar Salla, aka yi Babba, kayana suna kallona ina kallonsu.

Sai daga baya na zauna na fahimci abin da ake kira hasashen launi, abin da ya kamata in fara yi kafin in taɓa kuɗina. Shi Pantone asalin sana'arsa ba duba ba ce. Tun 1963 ya fito da tsarin bai wa kowace kala lamba, don mai zane a wata ƙasa da mai rini a wata su fahimci juna ba gardama. Murjanin da ya kayar da ni lambarsa 16-1546. Zancen launin shekara kuwa da shekarar 2000 aka fara shi, da wani shuɗi mai kama da sararin samaniya. Akwai kuma kamfanoni irin su WGSN da aikinsu ke nan, su sayar wa masana'antu hasashen kalar da za ta tashi nan da kamar shekara biyu. Dole ne su yi nisa haka, domin kafin riga ta iso kanti sai an rina zare, an saƙa, an yanka, an ɗinka, an yi jigila. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga inda sirrin yake, kuma nan nake so ku tsaya ku yi tunani. Idan manyan masana'antu duk suka sayi hasashe iri ɗaya, duk za su rina kaya iri ɗaya. Mai saye a Landan ko Faris ya shiga kanti, ya tarar kalar ce ta cika ko'ina, ya saya. Sai a ce hasashe ya tabbata. Alhali rabin abin ba gano gaibu ba ne, su suka shuka, su suka girbe. Ni kuwa da na kwaso nawa, babu wata masana'anta da ta cika Kwari da murjani don ta taya ni. Ni kaɗai nake rawa, makaɗan suna wata nahiya.

Ba ina cewa ku toshe kunne ba ne. Shaddar Getzner daga Ostiriya take zuwa, atamfar Vlisco daga Holan, yawancin yadin da muke sari daga Sin, kuma masu rina su suna sauraron waɗancan masu hasashen. Abin da aka yanke a can yakan iso mu, amma a makare, kuma sai ya bi ta hannun mata sun tace shi. Wata kalar ta karɓu, wata ta mutu a kwantena.

Namu yayin yana da nasa agogon: kayan Salla, da bukukuwan da ake tururuwar yi kafin azumi, da na ƙarshen shekara. Yana kuma da nasa masu hasashen, sai dai ba su da ofis. Telan mata ya san kalar da aka fi kawo masa a wannan watan. Mai ɗinkin labule ya san abin da iyayen amare suka daina so. Dillaliya mai shiga gida-gida ta fi kowa sanin kalar da aka fara cewa "ta yi yawa a gari", kuma daga ranar da kuka ji wannan kalmar, to ku fara rage abin da ke hannunku ko da riba kaɗan ce. Amarya 'yar babban gida ta fitar da anko, hotuna su zaga Instagram, cikin mako biyu sai ka ji 'yan mata suna shigowa da waya a hannu suna cewa "irin wannan". Yanzu duk Juma'a bayan an sauko masallaci nakan biya wurin teloli biyu ko uku, mu sha shayi, ina kallon ƙyallayen da suka zube a ƙasa. Tarin ƙyallen nan ya fi gaya mini gaskiya a kan duk abin da na karanta a waya.

Sai maganar suna, wadda ita ce ta fi ba ni haushin kaina. Bahaushe ba ya kiran kala da sunan da ba ya iya gani. Ku duba: ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan ɗorawa, ruwan goro, ruwan hanta, ruwan zuma, ruwan madara, ruwan makuba, ruwan albasa. Har garin sabulu ya ba mu ruwan omo. Kowanne ka ambata, mai saye ya riga ya gan shi a zuci kafin ka sauko da bandir. Turawan ma dabarar ke nan. Na 2024 sun kira shi Peach Fuzz, suna nufin laushin bayan wani ɗan itace da suke ci, na 2025 kuma Mocha Mousse, ruwan ƙasa ne kawai aka jingina shi da gahawa da cakulan don miyau ya tsinke. Sun san abin da mutanensu suke sha'awa. Ni kuma na ɗauko sunan da aka yi don kunnen wasu ina jefa wa Hajiya.

Matata ce ta warware mini, bayan kayan sun shekara. Ta ga wani yanki da na kai gida, ta ce, "Maigida, ai wannan ruwan murjani ne, irin na wuyan Inna." Washegari na fara kiransa haka a shago. Ba zan yi muku ƙarya in ce kaya sun ƙare ba, amma dattijai mata sun fara tsayawa suna taɓawa, kuma na sayar da fiye da abin da na sayar a shekara guda, musamman da na daina ba da shi shi kaɗai, na riƙa haɗa shi da ruwan madara a matsayin ado a gefen labule. Kala mai ƙarfi irin wannan, a ɗan ƙyalle tana da kyau, amma in ta rufe bango guda sai ta yi wa ido ihu.

Amma ku kiyaye, sunan da ke sayar da kaya ba shi ne ke sayo su ba. Wannan ma da kuɗina na koye shi. An taɓa ba ni aikin anko na mata masu yawa, aka ce ruwan hanta. Abin da nake da shi bai isa ba, sai na aika wa wani mai kawo mini kaya hoto ta WhatsApp, na rubuta masa "ruwan hanta, irin wannan". Kaya suka zo, a ƙarƙashin farin ƙwan shago ba ka ganin bambanci. Ranar kamu da mata suka jeru a tsakar gida da la'asar, sai ga anko ya rabu biyu, rabi ya karkata wajen ja, rabi wajen ruwan ƙasa. Uwar amarya ta kira ni, abin da ta faɗa ba zai rubutu ba, kuma tana da gaskiya. Laifina ne. Kowace waya da yadda take nuna kala, hasken ƙwai daban da na rana, kuma ko masana'anta ɗaya ce, rinin yau ba lallai ya zo daidai da na wata mai zuwa ba. Ku je marinar Ƙofar Mata ku gani da idonku: baba ɗaya, rijiya ɗaya, amma yawan tsomawa da shan iska shi ke raba shuɗi mai haske da wanda ya kusa zama baƙi. Tun daga ranar, in anko ne, daga rini ɗaya nake yanka shi gaba ɗaya ko in ce ba ni da shi. In oda ce, ƙyalle nake aikawa, ko lamba in mai kayan yana aiki da ita, kuma kafin in biya sai na fito da samfurin bakin ƙofa na duba shi a rana.

Kwanaki wani yaron shagona ya zo da murna yana nuna mini sabuwar kalar da aka ce za ta yi tashe, yana so mu yi oda da yawa. Na ce ya ɗauko tsani. Ya hau ya sauko da bandir ukun da suka rage na murjani, ƙurar hunturu ta yi musu layi a gefe. Na ce ya karkaɗe su, sannan in ya gama ya sayo yadi goma kacal na sabuwar tasa, ya rataye a ƙofa, mu ji sunan da matan za su kira ta da shi.